Tsohuwar Bindiga A Sabon Hannu

 Yau ina so mu yi shawara a kan wani al'amari da ya faru a cikin danginmu, gama na tabbata ba mu kaɗai ya shafa ba.

Kwanan baya wani dattijo daga cikinmu ya riga mu gidan gaskiya a wani ƙauye na ƙasar Dambatta. Da aka zauna lissafin abin da ya bari, sai aka jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki aka sami lambobin soja na mahaifinsa, wanda ya je yaƙin Bama, da takardarsa ta sallama wadda ta yi ja don tsufa, da kuma wani abu mai nauyi naɗe cikin tsumma. Da aka warware tsumman sai ga 'yar ƙaramar libarba, tsawonta bai fi tafin hannu ba, tsatsa ta ci bayanta, ga kuma harsashi huɗu cikin wani ɗan gwangwani. Ba wanda ya san yadda ta zo hannun tsohon sojan, domin ba a ba ƙaramin soja irinta a bataliya. Shekara wajen 80 tana kwance a ɗakin nan, yara suna wasa a kanta ba su sani ba.

Da dare sai jikan mamacin, saurayi mai hankali wanda ya gama makaranta, ya biyo ni zaure ya durƙusa, ya ce, "Baffa, ina roƙo a sa mini ita cikin rabonmu. Na ga yadda Turawa su ke tara irinta, suna goge su, suna fita bayan gari suna koyon harbi da su. Ni ma ina sha'awar haka, kuma ba da nufin cutar kowa ba."

Na san gaskiya ya faɗa, ba shi da mugun nufi. Amma na hana shi. Dalilan da na ba shi su ne zan shimfiɗa a nan, don wanda ke da irin wannan ajiya a rumbu, ko a rufin ɗaki, ko a ƙarƙashin gadon tsohuwa, ya duba ya gani ko na yi daidai.

Da fari bari mu san abin da mu ke magana a kai. Libarba ita ce ƙaramar bindigar hannu mai wata 'yar ganga a tsakiyarta, mai ramuka biyar ko shida ko bakwai, kowane rami da harsashinsa. In an harba ɗaya sai gangar ta juya ta kawo na biye. Sunan ma daga kalmar Ingilishi mai ma'anar juyawa mu ka aro shi. Wani Ba'amurke, Samuel Colt, shi ya sami takardar mallakar wannan ƙira a Amurka cikin 1836. A 1857 kamfanin Smith & Wesson ya fito da wata ƙarama mai cin harsashi bakwai, wadda faɗin bakinta kashi 22 ne cikin 100 na inci, watau harsashinta bai fi ƙwayar wake ba. Daga nan maƙeran Amurka da Ingila da Beljiyam su ka yi ta ƙera ƙananan nan barkatai don sawa a aljihu, har a Faransa aka yi wata musamman domin masu hawan keke su kori karnukan da ke bin su. Hafsoshin Ingilishi kuwa, waɗanda kakanninmu su ka gani a nan, mai kauri su ke ratayawa, ƙirar Webley, wadda sojansu su ka fara riƙewa a 1887.

To, a waɗancan ƙasashe akwai mutanen da sha'awarsu ke nan, su sayi tsofaffin nan, su san shekarar da aka ƙera kowace da garin da aka ƙera ta, su jera su cikin akwatin gilashi. Ban ga laifin sha'awar ba. Wanda ya ke son ya san aikin hannun mutanen dā, mai son ilmi ne. Sai dai kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Tilas mu tambayi kanmu abu uku kafin mu kwaikwaye su: me dokar ƙasarmu ta ce, ina harsashin zai sauka in an harba, kuma wace ce bindigar da ta ke ɗauke da tarihinmu mu.

Maganar doka a fili ta ke. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ita ce tushe a Nijeriya, ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na ɗaya su ne haramtattu, kamar igwa da bindiga mai ruwa da bindigogin soja, ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne irin na farauta masu cin harsashin kwali, da na iska, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne waɗanda a ke ɗurawa ta baki, watau bindigar toka da danginta, al'amarinsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, libarba da fistol duk suna cikin kashi na ɗaya, tare da igwa, kome ƙanƙantarsu, kome tsufansu. Tsatsa ba ta fitar da ita daga wannan kashi. Gado ma bai fitar da ita ba, domin lasisi ba ya shiga rabon gado kamar gona ko akuya. Ko da mamaci yana da takarda, 'yan kwanaki kaɗan doka ta ba magada su kai ta ga hukuma. Dokar fashi da makami ta 1984 kuwa ta tanadi tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Sai na ce wa yaron nan, "Ɗana, ka auna shekara 10 na ƙuruciyarka da ɗan ƙarfen nan mai tsatsa, ka gaya mini wanne ya fi nauyi."

Wani zai ce doka ta yi tsanani, mene ne abin tsoro ga 'yar abar da ba ta fi tafin hannu ba? To, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Da libarba ƙarama aka harbe Shugaban Amurka William McKinley a 1901, ya mutu bayan kwana takwas. Da mai ɗan bakin nan na kashi 22 aka kashe Sanata Robert Kennedy a 1968, da irinta kuma aka harbi Shugaba Ronald Reagan a 1981, harsashin ya shiga huhunsa, da ƙyar ya sha. Waɗannan mutane ne masu dogarai da manyan likitoci a kusa. Ina ga yaron ƙauye wanda kafin a sami motar da za ta kai shi asibitin Dambatta ko na Bichi jininsa ya ƙare? Ƙanƙantarta ita ce sharrinta, gama tana shiga aljihu, tana shiga kasuwa, tana shiga gidan biki, ba wanda ya gani. Doguwar bindiga kowa na hango ta daga nesa ya yi hattara. Birtaniya ma, inda a ke da masu tara kayan dā da yawa, ta hana mutane riƙon ƙananan bindigogi a 1997, bayan wani ya shiga makarantar yara a garin Dunblane a 1996 ya yi kisa da su. Ta bar tsofaffi ƙwarai waɗanda aka daina yin harsashinsu, sai ɓarayi su ka riƙa saye suna haɗa musu harsashi a ɓoye, har ya zama tilas a 2021 aka sake ƙara tsananta dokar. In haka ta faru inda kome ke rubuce, mu sai mu shafa wa gemunmu ruwa.

Sa'an nan maganar wuri. Wannan ita ce hujjar da na fi so mutanen ƙasarmu su riƙe, domin tana gaban idonmu. Masu koyar da harbi a ko'ina cikin duniya sun haɗu a kan ƙa'idodi huɗu. Ka ɗauka kowace bindiga a ɗure ta ke. Kada ka nuna bakinta ga abin da ba ka nufin halakawa. Kada yatsanka ya taɓa kunama sai ka gama auna abin harbi. Ta huɗu, ka san abin da ka auna, ka kuma san abin da ke bayansa. To, don Allah wanda ya san ƙasar Dambatta da Makoɗa da Kunci da Bichi da Dawakin Tofa da Minjibir da Ungogo, ya gaya mini inda mutum zai tsaya ya rantse ba kowa a bayan abin da ya auna.

Ƙasarmu ba daji gare ta ba. Tun cikin shekarun 1960 wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya auna gonakin kewayen Kano, ya tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar a ke nomawa kowace shekara ba hutu, da ƙarfin takin da jakuna ke kaiwa. Yau kuwa jama'a ta ninka. Gona tana jingine da gona, iyakarsu ɗan layin gamba ko lalle ko aduwa. In ka fita daga wannan unguwa, kafin carar zakaranta ta ɓace maka ka shiga wata. Da damina dawa da gero sun fi mutum tsawo, a cikinsu akwai mai noma a sunkuye, da yarinya mai kai abinci gona, da mai yankan ciyawa. Da rani kuwa fili ya buɗe, amma a kan kowace ɗorawa ko kuka akwai yaro, a gindinta akwai makiyayi, a kan burtali akwai mai jaki. Ɗan harsashin nan da mu ke rainawa, in aka ɗaga bakin bindiga, yana tafiyar fiye da kilomita 1 kafin ya faɗi, da sauran ƙarfin huda jiki. A ƙasarmu kilomita 1 ya ratsa gonaki nawa da gidaje nawa? Wanda kuma ya ce zai tafi bakin ruwan Tomas ko na Watari ya yi ta harbi, ya sani harsashi yakan yi tsalle a kan ruwa kamar yadda tsakuwa ke yi in yaro ya jefa ta a kwance, ya tafi inda ba a aike shi ba, alhali ga masunta ga masu lambu a gaɓa. Ba'amurken da yaronmu ya gani yana harbi, ko dai a fili ne na musamman mai tudun ƙasa a baya, ko a gonar da za ka yi tafiyar sa'a guda ba ka ga maƙwabci ba. Mu ba mu da wannan.

Ga kuma halin tsohon ƙarfe. Bindigogin da aka ƙera don baƙin albarushi ba su jure ƙarfin sabon albarushi marar hayaƙi, wanda aka ƙago a Faransa a 1884. In aka sa wa tsohuwa harsashin zamani don an ga ya shiga ramin, tana iya tsagewa a hannu ta tafi da yatsu ko ido. Harsashin da ya daɗe a ajiye yakan yi jinkirin tashi: a ja kunama a ji shiru, mutum ya juyo da bakin yana leƙawa, sa'an nan ya tashi. Da yawa daga cikin tsofaffin libarba kuma in sun faɗi ƙasa a ɗure sukan tashi da kansu. In abin ya auku sai mu ce tsautsayi. Gaskiya ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, kuma wanda ya ajiye bindiga a ɗakin da yara ke shiga shi ya haƙa rijiyar.

Yanzu bari in juya ga abin da na ga ya fi kyau a cikin maganar yaron nan, watau son tarihi. A nan ina bayansa ɗari bisa ɗari, sai dai ya duba wajen da bai kamata ba. Libarba baƙuwa ce a wurinmu. Bindigar da ta san mu, mu ka san ta, ita ce doguwar nan ta toka. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna an kawo bindigogi Kano zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, kuma Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Tun kafin wannan, a ƙarni na 16, Mai Idris Aloma na Barno ya samo bindigogi da Turkawa masu koyar da harbinsu. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi masu yawa, har ana zuba masa igwa a cikin birninsa. Da wannan ƙarfi ne Damagarawa su ka shigo ƙasar Kano ta arewa a ƙarshen ƙarnin, aka gwabza a wajen Gezawa da Tattarawa, zamanin Sarki Alu wanda a ke yi wa laƙabi da Mai Sango, sango kuwa mashi ne da a ke ɗurawa a bindiga. Ashe gonakin nan da mu ke nomawa sun sha hayaƙin albarushi.

A 1890 ƙasashen Turai su ka taru a birnin Brussels su ka ƙulla yarjejeniyar hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, aka bar mana ta toka da albarushinta. Sakamakon wannan ya bayyana ran 3 ga Fabrairu 1903, sa'ad da Kanar Morland ya tsaya a bayan ganuwar Kano da igwa da bindiga mai ruwa, garin ya faɗi cikin yini guda. Duk wanda ya riƙe tsohuwar bindigar toka ya san wannan labari, ya riƙe babi guda na dalilin da ya sa aka ci ƙasarmu. Bayan haka maƙeranmu su ka ci gaba da ƙera ta da gyaranta, mai ƙanƙara da mai ƙanzir, maharba su ka ci abinci da ita, manoma su ka kori birai da gyado. Har yanzu in sarki ya yi hawa, 'yan bindiga ne ke tafe suna ɗura albarushi zalla ba dalma, suna tashin ƙarar da ke gaya wa na cikin lungu sarki ya fito. Hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya abin kiyayewa a watan Disamba 2024.

Ku duba wani abin baƙin ciki. A dā in an ce 'yan bindiga, bayin sarki a ke nufi, masu ado, waɗanda yara ke bi suna murna. Yau in ka ji 'yan bindiga a rediyo sai gabanka ya faɗi. Ɓarayin daji sun sace mana shanu, sun sace mutane, har sunan ma sun sace. Maharbi na gaskiya shi ya fi kowa shan wahalar wannan. A watan Maris 2025 aka tare wata mota a garin Uromi na Jihar Edo, aka ga bindigogin farauta a ciki, aka yi wa mafarauta 'yan Kano masu komowa gida salla ƙazafin satar mutane, aka kashe 16 daga cikinsu kisan gilla. Wannan zalunci ne da ba shi da uzuri. Amma ya nuna mana zamanin da mu ke ciki, zamanin da ganin bindiga kawai a hannun baƙo ya isa a rasa rai. A irin wannan lokaci, saurayin da ya sa libarba a aljihu don sha'awa, ya sa wuyansa cikin igiya ne da hannunsa.

Tsofaffin nan kuwa, masu ɗauke da tarihi, ina su ke tafiya? Wasu magada don tsoron hukuma sukan jefa su rijiya ko masai. Wasu sukan sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo, a narke. Wasu, waɗanda su ne mafi muni, sukan sayar wa wanda ya zo da kuɗi da dare, ba su tambayi inda za shi da ita ba. Ta kowace hanya mun yi hasara: ko tarihi ya tafi, ko makami ya shiga hannun mugu.

Na san akwai mai cewa, "Malam, kana zaune kana rubutu, mu kuwa ɓarayi suna shigo mana. A 2025 sun ƙetaro daga ƙasar Katsina sun taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, sun kwashi mutane da dabbobi. Ka ce mu miƙa abin da mu ke da shi?" Wannan magana ce mai nauyi, ba ni kuwa raina ta. Wanda aka ɗauke masa mata da dare ba a yi masa wa'azin haƙuri da baki kawai. Har gwamnoni sun taɓa faɗin irinta: na Katsina a 2021, da gwamnatin Zamfara a 2022, sun ce mutane su nemi bindiga su kare kansu. Hakkin talaka ne a kan hukuma ta tsare shi, in ta kasa kuwa laifin nata ne. Amma mu yi lissafi da hankali. Ɓarayin nan sukan zo su da yawa a kan babura, da bindiga ƙirar AK-47 mai cin harsashi 30. Mutum guda da libarba mai tsatsa da harsashi huɗu waɗanda ba a san ko za su tashi ba, me zai yi musu in ban da ya ba su dalilin kashe shi da iyalinsa? Kafin ranar da ɓarawo zai zo kuma, bindigar tana gida kwana 365 a shekara, tare da yara, da kishiyoyi, da rikicin iyakar gona, da saurayin da aka hana shi budurwa. Tsaron gari aikin gayya ne, a ƙarƙashin shugaba, da rajista, da horo, da wanda zai amsa tambaya in an yi ɓarna. Jihar Katsina ta bi wannan hanya a 2023 da ta kafa rundunar tsaron al'umma. Ko ta yi kyau ko tana da gyara, aƙalla an san sunan kowane mai riƙe da makami da wanda ya ba shi.

Haka ma kakanninmu su ka yi. Ba a ɗaukar bindiga a ba yaro don ya ce yana sha'awa. Sai ya bi maharbi shekara da shekaru yana ɗaukar masa gora da burgami, ya koyi sawun dabba, ya koyi iska, ya koyi zama shiru. Ya fara da danƙo, ya hau baka, sa'an nan in Sarkin Baka ya ga natsuwarsa a yarda ya taɓa bindiga. Mai saurin fushi ba a ba shi ko da ya fi kowa iya bara. Dokar 1959 ma a kan wannan turba ta ke, gama ta hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin ido, da mashayi, da wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da su ka wuce. Abin da dattawa su ka sani da gwaji, shi doka ta rubuta.

Saboda haka ga shawarata, ina miƙa ta ga sarakunanmu da hakimai, Allah Ya ja zamaninsu, da shugabannin 'yan sanda, da ma'aikatan gidajen tarihi.

A buɗe ƙofa ga magada. A sanar a kasuwanni da rediyo cewa wanda ya tarar da bindiga cikin kayan gado, in ya kai ta da kansa ta hannun mai unguwa da dagaci zuwa ga hakimi da 'yan sanda, za a karɓa a ba shi takardar shaida, ba za a tsare shi ba. Muddin mutane suna tsoron wanda ya kai ita za a fara kamawa, rijiya da ɗan gwangwan za su ci gaba da cinye su.

Kafin a farfasa abin da aka tara, a kira ma'aikatan Gidan Makama su duba. Cibiyar da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2021 don hana yaɗuwar ƙananan makamai takan lalatar da waɗanda aka kama, wannan kuwa daidai ne ga bindigar ɓarawo. Amma wadda ta ga yaƙin Damagaram, ko ta je Bama ta komo, ko aikin hannun wani shahararren maƙeri ce, a toshe ta yadda ba za ta ƙara tashi ba har abada, a ajiye ta a gidan tarihi, a rubuta sunan gidan da ta fito da labarinta a jikin allo. Ingilishi suna da babban gida irin wannan a birnin Leeds, mu ma a Umuahia akwai gidan kayan yaƙi. Kano ba ta rasa abin da za ta nuna ba. Ta haka jikan mai ita zai kai 'ya'yansa su gani, ya yi alfahari a fili, maimakon ya ɓoye ta yana fargaba.

Samari masu sha'awa kuma, ga aikin da ba ya bukatar lasisi. Tsofaffin maharba da maƙeran bindiga da 'yan bindigar fada suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana tafiya da abin da ke kansa. Ku ɗauki littafi da alƙalami da wayar nan taku mai ɗaukar hoto da murya, ku zauna gabansu. Ku rubuta sunan kowane sashe na bindiga da Hausa, da yadda a ke gane aikin maƙerin wannan gari da na wancan, da dabbobin da a ke samu a ƙasar nan kafin gona ta cinye daji, da wanda ya koya wa wa. Wannan tari ya fi na ƙarfe daraja, ɓarawo ba ya sace shi, ɗan sanda ba ya kama ka a kansa.

Wanda kuma harbin kansa ya ke so ya iya, ƙofofin halal suna nan. Makarantar horon sababbin soja tana Zariya tun 1924, ta hafsoshi tana Kaduna, ta hafsoshin 'yan sanda tana nan Wudil. In farauta ce, ya bi ƙungiyar maharba ta garinsu, ya nemi takardarsa, ya bi su inda daji ya ke da izinin hukuma. A can zai sami malami, da fili, da wanda zai tsawata masa.

Ga yadda mu ka ƙare namu. Washegari ni da babban ɗan mamacin mu ka sami mai unguwa, ya raka mu wurin dagaci, aka kai libarbar da harsashinta huɗu inda ya kamata, aka ba mu takarda. Kafin a tafi da ita yaron ya ɗauki hotonta ta kowane gefe, ya kwafe rubutun da ke jikinta. Lambobin sojan da takardar sallama kuwa dangi su ka yarda a bar masa. Ya yi kwana biyu ba ya sakin fuska da ni. A rana ta uku sai ga shi da littafi, yana tambayata ko na san wani tsohon maharbi da ya rage a ƙasar Kunci. Na ce na san guda, ya kusa shekara 90, in zai je ya yi sauri, ya kuma tafi da goro.

Wanda ke da wata hujja da ta fi tawa, filin nan a buɗe ya ke, ya rubuto mu ji. Allah Ya kiyashe mu da abin da za mu yi da-na-sani, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Haza wasalam.